Inshorar tafiya da ke cikin katin banki: a ga takarda kafin a hau jirgi

Ƴan uwa, akwai wata magana da ma'aikatan banki suka ƙware wajen faɗa idan suna son mutum ya bar ƙaramin kati ya karɓi babba, wannan mai ruwan zinariya ko baƙin nan mai sheƙi. Sai ka ji an ce, "Alhaji, wannan har da asirans ta tafiya a cikinsa, kyauta." Daga jin kyauta sai mutum ya saki jiki. Ya sa hannu, ya zura kati a aljihu, ya tafi Dubai ko Istanbul ko Kazablanka da tunanin cewa in wani abu ya same shi a hanya akwai mai tsaya masa. Ni dai a ganina wannan inshora biyanta kake yi, kuma yawancinta ba don matafiyi irinmu aka tsara ta ba. Tana nan a rubuce, akwai ma waɗanda take yi wa rana. Amma wanda bai ga takardar sharuɗɗanta da idonsa ba, gara ya ɗauka ba shi da komai, ya yi shirinsa a kan haka.

Bari mu fara da katin kansa. Muna kiransa katin bashi ne don haka muka ji ana faɗa, alhali galibin waɗanda ke aljihunanmu a Yamai da Maraɗi da Damagaram kuɗinmu ne ake cira daga asusu nan take, ko kuma irin wanda sai ka zuba masa kuɗi kafin ya yi aiki. Akwai na GIM-UEMOA, wanda ke aiki cikin ƙasashe takwas masu amfani da sefarmu. Wanda zai wuce nan sai ya nemi mai tambarin Visa ko Mastercard, su kuma hawa-hawa ne, kowane hawa da kuɗin shekararsa. A cikin wannan kuɗin shekara aka cusa kuɗin inshorar. Ka yi tafiya ko ba ka yi ba, an cira. Saboda haka duk wanda ya ce maka kyauta ce, ka tambaye shi bambancin kuɗin shekara tsakanin ƙaramin kati da babba. Wannan bambanci shi ne farashin abin da ake ce maka kyauta.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: ranar da abu ya faru, ba bankinka ne zai biya ba, ba kuma Visa ko Mastercard ba. Akwai kamfanin inshora can gefe da aka ƙulla yarjejeniya da shi a madadin duk masu riƙe da irin katin, akwai kuma wani kamfanin da ke ɗaukar waya idan ka kira cikin dare daga asibiti. Kai ba ka zauna teburin da aka yi cinikin ba, an dai saka ka cikin jerin masu cin moriya. Shi ya sa in rigima ta tashi sai ka ga ana jifa da kai kamar ƙwallo. Banki ya ce shi kati kawai ya sayar maka. Kamfanin inshora ya ce ka koma ka karanta shafi na kaza. Kai kuma ba ka taɓa ganin shafin farko ba ma.

A tsarin Faransa, wanda shi ne da yawa daga cikin takardunmu suke kwaikwayo, abin ya kasu biyu. Akwai agajin gaggawa, wato kai mara lafiya asibiti, maido shi gida, ko ɗauko gawa. Wannan riƙe katin da bai mutu ba ya isa. Akwai kuma inshora ta ainihi, wadda ta shafi soke tafiya, jinkirin jirgi, ɓatan kaya, da haɗarin da ya jawo mutuwa ko naƙasa. Ita wannan ba ta tashi aiki sai in da katin ka biya kuɗin tafiyar. Wasu yarjejeniyoyin ma ba su raba ba, komai da komai sai in da katin ka sayi tikiti, kuma kuɗin duka, ba rabi ba.

To a nan ne nake son mu tsaya mu dubi kanmu. Yaya muke sayen tikiti? Ɗan kasuwar Maraɗi da zai je Gwanzu sayen kaya, ko Hajiyar da ke zuwa Dubai sarin atamfa da turare, kuɗi suke ɗauka a leda su kai wa mai ajans da suka saba da shi shekara da shekaru. Wani ma waya kawai zai buga, a yanka masa tikiti, ya biya in ya dawo. Wani ɗan uwansa ne zai aiko da kuɗin ta kamfanin aika kuɗi. Ko mai son biya da kati, sau da yawa sai ya tarar banki ya sa masa iyakar abin da zai iya kashewa a mako ko a wata, kuma tikitin ya fi ƙarfin iyakar, ko na'urar ajans ba ta da rezo ranar. Duk waɗannan mutane, da katin zinariyarsu a aljihu, sun hau jirgi ba tare da rabin abin da aka yi musu alkawari ba. Ba wanda ya yi musu ƙarya, an dai bar su cikin duhu, kuma an ci gaba da cirar kuɗin shekara.

Wannan ma masu jirgi ke nan. Mafi yawan tafiyarmu a ƙasa take. Maraɗi zuwa Katsina da Kano ta Ɗan Isa, Damagaram zuwa Daura ta Matamaye, Tawa zuwa Sakkwato ta Ƙonni da Illela. A tasha ake biya, hannu da hannu, wani lokaci ko guntuwar takarda ba a ba ka. Inshorar haɗari da ke cikin kati tana magana ne a kan abin hawan haya mai lasisi wanda aka biya kuɗinsa da katin. Ina ka taɓa ganin kamasho a tasha da na'urar karɓar kati? Ke nan tafiyar da ta fi kowace haɗari a rayuwarmu, ita ce wadda katin bai san da ita ba.

Amma kaya da jinkiri duk ƙananan abubuwa ne. Abin da ke karya gida shi ne rashin lafiya a ƙasar da ba taka ba, kuma a nan ya kamata a auna kowace inshora.

Tambayar farko ita ce nawa ne iyakar abin da za su biya asibiti. Muna da ma'auni a hannu wanda ba mu muka ƙirƙiro ba. Dokar bizar Shengen ta 2009 ta ce duk mai neman bizar gajeren zama sai ya nuna inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, mai aiki a duk ƙasashen yankin, tsawon kwanakin zamansa, wadda ta haɗa da jinyar gaggawa, kwanciya asibiti, maido mara lafiya gida da kuma mutuwa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ke nan muna maganar kusan sefa miliyan 19.7. Wannan shi ne mafi ƙaranci a wurin Turawan da suka san tsadar asibitocinsu. Yanzu ku duba: a Faransa kanta, ƙaramin katin Visa iyakarsa Yuro 11,000 ce a kan kuɗin asibiti a waje, wajen sefa miliyan 7.2, yayin da Visa Premier ke kaiwa Yuro 155,000. Tambari ɗaya, tazara kamar sama da ƙasa. Akwai ma katunan da abin da suke kira taimakon lafiya bai wuce su gaya maka ta waya asibitin da ke kusa da kai ba, kuɗi kuwa daga aljihunka. Saboda haka launin kati ba ya gaya maka komai. Lambar da ke cikin takarda ita ce magana.

Mai neman biza kuma ya sani, ba kati ake nuna wa ofishin jakadanci ba. Takardar shaida ake nema, atestasiyo, mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a faspo, da kwanakin tafiya, da ƙasashen da ta shafa, da adadin kuɗin. Kuɗin biza ya koma Yuro 90 tun watan Yuni na 2024, wajen jika 59, kuma in an hana ka ba a maido maka. Tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, neman biza ya ƙara zama wahala da kashe kuɗi. Wauta ce a yi asarar dosiye guda saboda takardar inshora ba ta cika sharaɗi ba.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Yarjejeniyoyin da aka rubuta wa Bafaranshe sun ɗauka cewa kowa yana da inshorar lafiya ta ƙasa. Saboda haka abin da suke cewa shi ne za su ranta maka kuɗin asibiti, ka dawo gida asusun lafiyarka ya biya nasa kaso, su kuma su cika ragowar. Ga wanda ke da wannan asusu, tsari ne mai kyau. Ga ɗan kasuwar da bai taɓa shiga kowane asusun lafiya ba, kalmar "ranta" tana nan da ma'anarta: bashi ne, za a zo karɓa. Duk wanda ya samu takardar katinsa ya nemi wannan wuri da kyau, ya ga ko biya aka ce ko rance, kuma ko an gindaya sharaɗin sai kana da wata inshorar lafiya tun farko.

Sai maganar tsohuwar cuta. Kusan duk inshorar tafiya tana cire ciwon da mutum ya san yana da shi kafin ya tashi. Hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, sikila, asma. Ku duba iyayenmu da ke tafiya, mutum nawa ne ba ya ɗauke da ɗaya daga ciki? Dattijo mai hawan jini ya faɗi a otal, likitan kamfani ya duba takardun asibiti ya ga yana shan magani shekara biyar, shi ke nan an samu ƙofar fita. Mace mai tsohon ciki ita ma akwai makon da in ta wuce shi ba ruwansu. Wasu kuma suna rage kariya ko su yanke ta gaba ɗaya idan mutum ya kai wasu shekaru.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne masu tafiya neman magani. Mun san yadda abin yake a ƙasar nan: in ciwo ya gagara a Yamai, sai a sayar da fili ko shanu a nufi Tunis, Kazablanka, Alƙahira, Istanbul ko Indiya. Na sha jin ana cewa ai wane yana da babban kati, in kuɗin aikin ya ƙaru asirans za ta cika. Wallahi ba za ta cika ba. Inshorar tafiya an yi ta ne don ciwon da ya faɗo maka ba zato a hanya. Tafiyar da dalilinta shi ne jinya, a cire take tun daga tushe, har da duk abin da ya biyo bayan aikin. Iyalin da ya yi lissafinsa a kan wannan kati zai wayi gari a ƙasar mutane da mara lafiya a gado da faktir a hannu.

Ɗalibai ma su yi hattara. Kariyar tana da iyakar kwanaki, da yawa kwana 90 ne daga ranar da ka bar gida, wasu ƙasa da haka, wasu sama. Yaron da ya tafi karatu Maroko ko Turkiyya ko Aljeriya na shekara guda, kafin ya gama zangon farko kariyar ta ƙare, ko da katin bai mutu ba. Haka wanda ya je ci-rani. Wasu takardun ma sun cire aikin ƙarfi kwata-kwata.

Ko da komai ya cika, akwai ƙa'idar da ke kayar da mutane da yawa: sai ka kira su kafin ka kashe kuɗi. Su ne za su ba ka lambar dosiye, su ne za su ce wannan asibiti ko wancan, likitocinsu ne za su yanke shawarar ko a maido ka gida da kuma ta wace hanya. Mu kuwa al'adarmu, in ɗan uwa ya faɗi, sai ƴan gari da ke can su haɗu su ɗauke shi, su biya, su sayi tikitin dawowa, daga baya a yi lissafi. Hali ne mai kyau, Allah ya bar zumunci. Amma a idon kamfani, duk abin da aka shirya ba da izninsa ba, ba ya cikin abin da zai biya.

Haka abin yake ga gawa, Allah ya sa mu cika da imani. Kowa a nan ya taɓa ganin saƙo a guruf ɗin WhatsApp ana neman gudummawa don a maido wani da ya rasu a waje. Ɗauko gawa a jirgi abu ne mai tsada da tarin takardu, kuma yana cikin abubuwan da agajin kati mai kyau yake ɗauka da gaske. Abin haushin shi ne mai katin shi kaɗai ya san da wannan, in ma ya sani, shi kuma ga shi kwance. Matarsa ba ta san lambar da za a kira ba, abokan tafiyarsa ba su san yana da wata kariya ba. Sai a yi karo-karo a biya abin da tuni an riga an biya kuɗinsa shekara da shekaru. Iyalai da yawa kuma sun fi son a yi wa mamaci sutura a binne shi inda ya rasu ba tare da jinkiri ba. Wannan ma abin tambaya ne: in an zaɓi haka, suna biyan kuɗin jana'iza a can, ko sai dai ɗaukowa kawai suka sani?

Yanzu ga wani sashe da ya shafe mu fiye da yawancin mutanen duniya. Kowace takardar inshora tana da jerin abubuwan da ba ruwanta da su, kuma a sahun gaba za ka ga yaƙi, tawaye, tarzoma, juyin mulki, da matakin da wata hukuma ta ɗauka. Ku tuna 2023. An rufe sararin samaniyar ƙasar nan ranar 6 ga Agusta, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba. Duk wanda wannan wata ya riske shi a waje ya san abin da ake nufi da kuɗin otal da na abinci su ƙare maka a ƙasar da ba ka da kowa. Ba siyasar abin nake magana ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da nake nunawa shi ne irin tsaikon da ya fi yiwuwa ya sami matafiyin Sahel, shi ne daidai wanda aka rubuta cewa ba a biya. Wasu takardun kuma suna jingina kariyarsu da shawarar da gwamnatin wata ƙasa ta ba ƴan ƙasarta game da inda bai kamata su je ba. Ƴan uwanmu mazauna Turai da ke zuwa ganin gida da katin bankin can, su duba wannan da kyau, domin taswirar ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta shafa wa Nijar ja. Kai kana cewa ka zo gida, takarda tana cewa ka shiga inda aka hana.

Maganar kaya ba zan daɗe a kanta ba. Inshorar kati kayan sawa da na amfanin kai take nufi. Hajar sayarwa, kuɗi, zinariya, galibi a cire suke, ke nan jakunkunan Hajiya guda shida na kayan shago ba sa ciki. Kuma kafin kati, kamfanin jirgi ne ke da alhakin farko. Yarjejeniyar Montireyal ta 1999 ta ɗora masa biyan diyyar kayan da suka ɓata ko suka lalace har zuwa wata iyaka, wadda tun ƙarshen 2024 ta haura sefa miliyan ɗaya ga kowane fasinja. Sharaɗin shi ne ka rubuta ƙorafi cikin kwana 7 in lalacewa ce, cikin kwana 21 in jinkiri ne. Kada ka bar filin jirgi ba ka karɓi takardar rahoton ɓatan kaya ba, domin ita ce kamfanin jirgi zai nema, ita ce kuma kamfanin inshora zai nema.

Kada a ce na zo ɓata kasuwar mutane. Akwai wanda wannan inshora ta dace da shi sosai. Ma'aikacin da ke zuwa taro Dakar ko Abijan ko Buruksel sau huɗu ko biyar a shekara, kwana biyar-biyar, yana sayen tikitinsa da katinsa ta intanet, lafiyarsa ƙalau, yana karanta Faransanci, yana ajiye rasit. Wannan in ya lissafa abin da zai kashe wajen sayen inshora daban a kowace tafiya, zai iya tarar da babban kati ya fi masa sauƙi, musamman in kariyar ta haɗa da matarsa da ƴaƴansa. Ko a nan ma, mai mata fiye da ɗaya ya tambaya wacece takarda ta sani a matsayin mata, kuma ɗan riƙo yana cikin ƴaƴa ko a'a, don iyalin da ke cikin waɗannan takardu ba irin namu ba ne. Wanda kuwa tafiyarsa ɗaya ce a shekara, gara ya riƙe ƙaramin katinsa ya je kamfanin inshora ya sayi ta kwanakin tafiyar, da sunansa, da takardarsa a hannu, da ofishin da zai iya zuwa ya buga tebur. Mai zuwa Umara kuma ya sani cewa Saudiyya ta haɗa inshora cikin kuɗin biza, saboda haka ya tambayi mai ajans abin da ta ƙunsa kafin ya ƙara kashe wani kuɗin.

Kwanakin baya na shiga wani banki a Yamai na ce a ba ni takardar sharuɗɗan inshorar babban katinsu, ina son in karanta kafin in yanke shawara. Budurwar da ke gishe ta yi mini fara'a, ta miƙo mini ƴar takardar talla mai hoton jirgi da rairayin bakin teku. Na ce ba wannan ba, cikakkiyar nake so, mai jerin abubuwan da ba a biya. Ta shiga ciki ta fito ta ce in dawo wani mako, mai kula da sashen ba ya nan. Na tambaye ta sunan kamfanin da ke ɗaukar inshorar, ta ce za ta bincika. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. An koya mata yadda za ta sayar, ba a koya mata abin da take sayarwa ba. Laifin na waɗanda suka tsara cewa a karɓi kuɗin mutum a kan alkawarin da ba a shirya nuna masa ba.

Kuma ba roƙo muke ba. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na CIMA, ƙungiyar da ke kula da kasuwar inshora, wadda aka kafa da yarjejeniyar Yawunde ta 1992. Kundin dokokinta ya wajabta wa mai inshora ya ba mutum takardar bayani a kan farashi da abin da aka lamunce da abin da aka cire, tun kafin a ƙulla yarjejeniya. Ya kuma ce sharuɗɗan da ke cire wani abu ko soke haƙƙin mutum ba su da ƙarfi sai an rubuta su da haruffan da ke bayyane sosai. Haka nan ya ba da wa'adin shekara biyu a kan yawancin ƙararrakin da suka taso daga yarjejeniyar inshora, ke nan mai ƙorafi kada ya kwanta. To amma in kamfanin da ke bayan katinka yana wata nahiya, kuma takarda ta ce kotun can ce za ta yi shari'a, ka ga an fitar da kai daga inuwar wannan doka ba ka sani ba. Shi ya sa tambayar sunan kamfani da inda yake zaune ba ƙaramar tambaya ba ce.

Ga kuma harshe. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To ina amfanin wannan in har mutumin da ke juya miliyoyi a kasuwar Maraɗi zai sa hannu a kan shafi talatin na Faransancin lauyoyi, wanda ko mu da muka yi jami'a sai mun karanta sau biyu? Bankunan nan sun iya Hausa da Zabarmanci sarai idan talla za su yi a rediyo. Harshen da ya isa a jawo mutum da shi ya isa a gaya masa gaskiya da shi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Duk bankin da ke sayar da kati da sunan inshorar tafiya ya miƙa cikakkiyar takardar sharuɗɗa tare da katin, ba sai an tambaya ba. A gabanta a sa shafi ɗaya tak, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, mai faɗin sunan kamfanin inshora, iyakar kuɗin asibiti, yawan kwanaki, ko sai an biya tikiti da kati, manyan abubuwan da ba a biya, da lambar da za a kira daga waje. Ga wanda ba ya karatu, a tura masa wannan shafi da murya a wayarsa, abin da bai fi minti uku ba. Sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye suna da hurumin matsa wannan, kuma bai buƙatar sabuwar doka kafin a fara.

Kafin a kai can, wanda ke da tafiya a gabansa ya je bankinsa tun da sauran makonni, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya nemi takardar sharuɗɗa da atestasiyo mai sunansa. In tikitin za a iya biyansa da kati, ya biya da shi ya ajiye shaidar biyan. Ya kira lambar agajin tun yana gida ya ji ko ana ɗauka, da wane harshe ake magana, kuma ko akwai lambar da ke shiga daga ƙasar da zai je, domin lambobin kyauta da yawa ba sa aiki daga waje. Ya rubuta lambar a takarda ya sa cikin faspo, ya bar kwafi a gida wurin wanda zai iya tashi tsaye in an bugo waya, ya kuma gaya wa abokin tafiyarsa. In banki ya kasa ba shi takarda, ya rubuta buƙatarsa a wasiƙa, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa.

Akwai kuma lissafi ɗaya da nake son bankunanmu su fitar a bainar jama'a, tunda yana cikin kwamfutocinsu ko na abokan hulɗarsu: a shekarar da ta wuce, katuna nawa masu inshorar tafiya suka sayar, mutum nawa suka nemi a biya su, nawa aka biya, nawa aka hana, kuma da wane dalili. Bankin da ya fara fitar da nasa, zan kawo shi nan mu duba tare.